Kwana Huɗu Babu Sabis

Har yau in wani ya ce mini "sabis ne babu", sai raina ya ɓaci. Matata ta gane, ta daina faɗa a gabana. An kwana biyu da faruwar abin, amma haushin bai huce ba, kuma gaskiya ni ma ban yi wani ƙoƙarin kirki na hucewa ba.

Sana'ata zanen gine-gine ce a kwamfuta. Wani kamfani ne na ƙasar waje ke aiko mini da awon fili da abin da mai ginin ke so, in zana in mayar musu. Ba su taɓa ganina ido da ido ba, sai ta allo. A gidanmu na Sabon Gari a Wudil na fara aikin, a ɗakin da ke jikin zaure. Duk wanda ya taɓa irin wannan aiki a garinmu ya san ba zanen ne wahala ba, turawar ce. Ka yi kwana uku kana zane, ka yi kwana biyu kana roƙon ya tafi. Na san gidanmu ta fuskar sabis kamar yadda Inna, mahaifiyata, ta san inda rana ke faɗawa in za ta yi shanya. Bakin rijiya waya na nuna sanda biyu, gindin darbejiya uku in an ci sa'a, ɗakina kuwa guda ɗaya ce tana zuwa tana komawa. Ranar Juma'a da motocin shanu suka cika kara, kasuwar shanu, kowa ya kanga waya a kunne yana ciniki, gara ka ajiye taka ka je ka yi wanki.

Wuri ɗaya ne tak a gidan da sabis ke cika taf, sanda huɗu, kowace rana, har da Juma'ar: ɗakin Baba, daidai kan gadonsa ta wajen taga. Mutumin da bai damu da abin ba shi aka kai wa har gado. Baba manomi ne, mutumin Darki, zaman Sabon Gari bai raba shi da gonarsa ba. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, kuma tocilar ya fi amfani da ita. In ya ji sallamata ya ga na shigo rungume da kwamfuta, sai ya janye ƙafa ya ce, "Injiniya, an zo ɗiban sabis? Zauna ka ɗiba, kada ya ƙare." Ba sunana ba ne, kuma ni ba injiniya ba ne, shi ya laƙa mini don tsokana. Sai in zauna a gefen gadon aikina na tafiya, shi kuma ya rage muryar rediyo yana ba ni labarin gero.

Da aka ba ni wani babban aiki, zanen makaranta guda da duk ajujuwanta, sai ɗakin Baba ma ya kasa. Sau biyu ana tsakiyar taro da shugabana hoton ya daskare, na dawo na tarar an tashi. A karo na biyu ya faɗa mini a fili, cikin ladabi irin nasu mai sanyi, cewa in ba zan samu intanet tsayayye ba za su ba wani. Wani abokina da ke karatu a Alƙahira ya ce in zo in zauna a ɗakinsa wata uku in gama aikin, can wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba a hawa katanga nemansa. A lokacin ƙafafun Baba sun fara kumbura, likita ya ce zuciya ce, a rage masa gishiri da zuwa gona. Na daɗe ina juya maganar kafin na kai masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mutane na zuwa Misra neman ilimi da magani, kai sabis za ka je nema?" Ya yi dariya har da tari, ya sa mini albarka.

Ana gobe zan tafi na tare Yaya a zaure. Shi ne babbanmu, ma'aikacin ƙaramar hukuma, mutum mai sanyin hali wanda duk unguwa ke misali da haƙurinsa. Ni ne mai zafin kan gidan, ban taɓa musun haka ba. Na ce masa, "Yaya, don Allah don Annabi, duk abin da ya taso game da jikin Baba ka gaya mini a lokacin. Kada a yi mini irin ta Baffa."

Ya san abin da nake nufi. Baffa ƙanin Baba ne. Shekarar da ya je aikin hajji kakarmu ta rasu, manya suka zauna suka ce ba a gaya wa matafiyi, hankalinsa zai tashi a banza alhali ba abin da zai iya. Aka ɓoye masa har ya dawo. Na ga saukarsa daga mota da idona, yana tambayar ina tsohuwa, ga dardumar da ya sayo mata a hammata. Kuma ba zan wanke kaina ba, ina cikin waɗanda suka karɓi waya lokacin da yake can suka ce masa tana nan lafiya. An sa ni, na faɗa. Don haka na san yadda ake shirya abin tun daga ciki, shi ya sa na roƙi Yaya tun da wuri.

Yaya ya ce, "Haba, in sha Allahu ba abin da zai faru. Ka je ka yi aikinka."

Na ce, "Ba wannan na tambaye ka ba. Za ka gaya mini?"

Ya ce, "In sha Allahu."

Na ɗauki wannan a matsayin alkawari, wautata ke nan ta farko.

A Alƙahira na shirya kaina kamar mai shirin yaƙi. Na sayi layin ƙasar na cika shi da data, na bar layina na gida a waya ta biyu don kada wani ya neme ni ya rasa, na haɗa da ɗan akwatin intanet na aljihu da batirin caji. Ko masallaci zan je suna jikina. Rabin wannan shiri don aiki ne, rabi don la'asar. Mun yi da Yaya kullum in an idar da la'asar a Wudil zai kai wayarsa ɗakin Baba in kira ta bidiyo. Baba bai taɓa koyon riƙe wayar ba, sai ya manna ta a fuska, ba abin da nake gani sai goshinsa da gefen hula, wani lokacin kunne kawai. Kullum tambayarsa ɗaya ce, an yi ruwa a can? In ce masa nan ba a ruwa, da kogi suke noma. Ya ce to ai mu ma muna da kogi, me ya kai ka? Sati bakwai muka yi a haka ba fashi ko na rana ɗaya.

Wata Laraba na ji muryarsa ta yi nauyi, yana jan magana. Na ce, "Baba, yaya jikin?"

Ya ce, "Da sauƙi, Injiniya."

Ni ban san wanda ya fara koya mana wannan kalma ba, amma ya cuce mu. Mutum na kwance ba ya iya juyawa, da sauƙi. An kira dangi na nesa su zo su gana, da sauƙi. Muna da gaisuwar da za ta ɗauke ka minti biyar, a tambayi gida, a tambayi iyali, a tambayi gajiya da aiki da ruwa da jiki, kuma amsar kowace an riga an rubuta ta tun kafin a haife ka. Ka gama gaisuwa tsaf ka ajiye waya ba ka san komai ba. Na yi ta sayen data don in ji labarin ubana, ashe gaisuwa kawai nake saya.

A wannan kiran ne na yi wautata ta biyu. Na ce musu ranar Litinin zan miƙa aikin gaba ɗaya, daga shi za a san ko za a ci gaba da ni ko a sallame ni, don haka kwana biyar ɗin nan ko abinci a tsaye nake ci. Don a yi mini addu'a na faɗa. Baba ya ce Allah ya taimaka. Yaya na gefe yana ji.

Ranar Alhamis bayan la'asar na kira, ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, aka katse. Can sai ga saƙo a rubuce daga Yaya: sabis ne ke ba mu matsala yau, kowa lafiya. Ban kawo komai a raina ba. Wa zai ba ni labarin sabis ɗin Wudil? Har na yi wa abokina dariya na ce ka ga abin da ya koro ni. Na koma kan zanena.

Ranar Juma'a ban ma sa rai sosai ba, ranar kasuwa ce. Na kira duk da haka, bai shiga ba. Na gwada 'yar wayar Baba kai tsaye, a kashe. Ta Inna a kashe. Ta ƙanwata ta yi ƙara har ta gaji. Guruf ɗinmu na gida, wanda ba a rasa mai turo addu'ar Juma'a ko hoton jariri, ranar shiru kake ji. Da yamma Yaya ya rubuto cewa su ma suna ta kirana ba ya shiga, ga alama matsalar daga wajena ce, in duba layina.

Wannan maganar ce ta fi ci mini rai in na tuna. Bai tsaya ga ɗora wa sabis ɗin Wudil laifi ba, don ya san na san ɗakin Baba. Sai ya ɗauko laifin ya aiko mini da shi Misra, ya ba ni aikin yi. Ni kuma na karɓa hannu biyu. Na kashe waya na kunna, na cire layi na goge shi a riga na mayar, na goge manhajar na sake saukewa. Na kira abokina da ke zaune a gabana, ya shiga. Na kira shugabana a wata ƙasar, ya shiga ras. Na ce to wataƙila kiran Najeriya ne kawai ke da matsala, don na taɓa jin akan yi haka. Duk wata hujja da ƙaryar ke buƙata ni na nemo mata da kaina.

Asabar da safe na ajiye zanen na tafi shagon da na sayi layi. Mai shagon dattijo ne mai ƙiba, yana da tabarau rataye a wuya. Larabcina na islamiyya ne, nasa na kasuwa, muka haɗa da hannu da Turanci muka fahimci juna. Ya duba ya ce layin lafiyarsa ƙalau. Na ce ba ƙalau ba, tunda ba na samun gida. Na sayi na wani kamfanin daban, na hau saman benen da muke, tsakanin tankunan ruwa da shanyar mutane, ina ɗaga waya sama kamar yadda nake yi a gindin darbejiya. Na baro Wudil don in daina wannan, ga ni ina yi a ƙasar mutane.

A saman benen na rubuta wa Yaya: ka turo mini muryar Baba ko ta daƙiƙa goma ce, tunda saƙo na shiga. Can ya turo muryarsa shi, gajeriya, a shaƙe kamar mai mura. Ya ce, "Baba na barci yanzu. Jikin da sauƙi, yana gaishe ka. Ka mai da hankali kan aikinka." A bayan muryarsa ina jin ƙus-ƙus na mutane da yawa da motsin tabarmi. Na saurara sau uku. Zuciyata ta faɗa mini wani abu, na ce mata ta yi shiru, Yaya ya yi mini alkawari. A lokacin da ya ce Baba na gaishe ni, Baba ya kwana ɗaya a ƙasa.

Lahadi na koma shagon da faɗa. Na ajiye masa layukan biyu a kan tebur na ce duk ba sa aiki. Na ɗaga murya har masu wucewa suna leƙowa. Na faɗa masa maganganun da ba su dace a faɗa wa sa'an ubana ba, kan laifin da bai yi ba. Ya bar ni na gama, ya ɗauko wani sabon layi ya sa mini da hannunsa, ya miƙo wayar ya ce in gwada a gabansa. Tana kamawa saƙonni suka shigo. A ciki akwai saƙon murya daga wani ɗan ajinmu na sakandare, mutumin Lajawa, wanda rabona da shi an yi shekaru. Na danna shi don gwaji kawai, kuma a bayyane, don mai shagon ya ji in ya sarƙe.

Bai sarƙe ba. Ya fara da sallama, ya tambayi Misra, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin can. Sannan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu muka taso daga sadakar uku, ban gan ka ba aka ce kana waje. Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Baba, ya sa ya huta. Wallahi an yi jama'a ranar Juma'a."

Mai shagon bai san Hausa ko kalma ɗaya ba, amma ya san wannan Larabcin. Kafin in gama fahimta ya zagayo daga bayan tebur ya turo mini kujera, ya dafa kafaɗata ya zaunar da ni. Mutum na farko da ya yi mini ta'aziyyar mahaifina fuska da fuska shi ne mutumin da na gama ci wa mutunci. Ya kawo mini ruwa, ya rage ƙofar shagon. Ni kuwa kuka bai zo mini ba, haushi kawai nake ji.

Daga kan kujerar na kira Yaya. Na riga na rubuta masa cewa na ji, don haka bugu ɗaya ya ɗauka. Kwana huɗu babu sabis, yanzu ga muryarsa tar kamar yana cikin shagon.

Ya ce, "Sai haƙuri. Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Tambayar da za ka fara yi mini ke nan? Wa ya gaya mini?"

Ya ce, "Gobe muka shirya gaya maka, da ka miƙa aikin. Baffa ne ya ce a bari, kuma kowa ya ga dacewar haka. Ko an gaya maka ba za ka riski jana'iza ba."

Baffa! Mutumin da ya sauka daga mota da darduma a hammata, wanda na ga ya durƙushe a ƙofar gida yana kuka kamar yaro. Shi ne ya zauna ya yanke cewa a yi mini abin da aka yi masa. Na tambayi Yaya ko ya tuna zaure. Ya ce ya tuna, amma shi cewa ya yi in sha Allahu. Na kashe wayar kafin bakina ya ja mini abin da zan yi nadama.

Daga baya ƙanwata ta gaya mini sun buɗe wani guruf ɗin ne tun ranar Alhamis, kowa na ciki ban da ni. A can aka riƙa sanar da halin da ake ciki, a can aka sa lokacin jana'iza, a can aka gargaɗi kowa kada ya ɗauki kirana, kada kuma a sa hoton Baba a inda zan gani. Har 'yan uwa na Darki aka bi ɗaya bayan ɗaya. Gidan da ba a taɓa haɗa kai an gyara rufin kicin ba, ga shi an haɗa kai tsaf a kaina. Ɗan Lajawa ne kawai ya kuɓuce musu, don ba wanda ya tuna yana da lambata.

Litinin na miƙa aikin. Hannuna ne ya ƙarasa shi, ni ban san yadda aka yi ba. Suka yaba, suka ce za su ci gaba da ni. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi, don ya zama kamar Yaya ya yi daidai. Duk wanda na kai wa ƙara sai ya ce, to ai ga shi ka samu aikin, sun yi maka gata. Ni ban aiki kowa ya yi mini wannan cinikin ba. Uban nawa ne, aikin nawa ne, ni ya kamata a bari in zaɓa. Ko da a ce zan zaɓi aikin, in zaɓa da bakina in ɗauki nauyin abina.

Na iso Wudil ana gobe sadakar bakwai. Ƙofar gida cike da tabarmi, aka yi ta miƙo mini hannu, ya haƙuri, ya haƙuri. Na amsa wa kowa da godiya, don ni ma a gidan aka raine ni, na iya. Na gaishe da Baffa a durƙushe. Ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Mun duba maka ne." Na ce na gode. Na miƙa wa Yaya hannu, bai yarda mun haɗa ido ba. Aka raka ni maƙabarta na ga tudun ƙasa, na yi addu'a, na dawo.

A raina na riga na fara sassautowa a kan abu ɗaya. Gaskiyar Yaya ce, ko an gaya mini ranar Juma'a ba zan riski jana'iza ba, da safe ya cika, ana sakkowa daga masallaci aka kai shi. Na ce to, kwana biyun da suka biyo baya ƙarya ce ta tausayi, zan koyi haɗiye ta ko da za ta ɗauke ni shekaru. Da wannan tunanin na shiga wurin Inna da hantsi, bayan mata sun ɗan ragu. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Inna ba ta iya ɓoye magana ba, shi ya sa tun farko aka karɓe wayarta aka kashe.

Na ce, "Inna, ya sha wahala?"

Ta ce, "Bai sha ba, alhamdu lillahi. Ranar Alhamis ma da bakinsa, sai dai maganar ba ta fita sosai. Ya yafe wa kowa, kowa ya yafe masa. Ya yi ta cigiyarka."

Na ce, "Ni?"

Ta ce, "Kai mana. Da aka yi la'asar ya ce ina wayar, a kira masa Injiniya. Yayanka na tsaye da ita a hannu, tana ta haske, ashe kai ne ma kake kira. Baffanku ya girgiza masa kai daga bakin ƙofa, don in ka ji muryar za ka gane, ka baro aikin. Sai yayanka ya ce, Baba, yau babu sabis."

Na ce, "A ɗakinsa?"

Ta ce, "A ɗakinsa. Can ya ce a sake gwadawa. Aka ce masa har yanzu babu. Sai ya ɗan yi murmushi ya ce, Allah sarki Injiniya, ya je har Misra nema, can ma bai samu ba. Bai ƙara tambaya ba."

Ashe ba ni aka fara yi wa ƙaryar ba. Ni dai na rayu na gano, na yi faɗa, ga ni ina rubutawa. Shi da ita ya tafi. Kowa na gidan ya durƙusa a gaban gadon nan ya ce Baba ka yafe mini, ya ji amsa da kunnensa. Ni ina kan layi a daidai lokacin, a tafin hannun Yaya, taku biyu tsakanina da kunnen ubana, aka danna ja aka katse.

Inna ta ga yadda fuskata ta koma, ta ce, "Kada ka riƙe ɗan uwanka. Ya yi kuka ranar fiye da kowa." Na san ya yi. Na san ba mugunta ba ce, kuma wannan bai rage mini komai ba. Muna gaisawa da Yaya har yau, ina zuwa gidansa da salla, 'ya'yansa na hawa jikina. In ya tambaye ni ya aiki, sai in ce da godiya. In na tambaye shi ya jikin Inna ya ce da sauƙi, sai in ce ba ta wayar in gan ta.

Da na fito daga wurin Inna ranar, ban koma cikin masu zaman makoki ba. Na tura ƙofar ɗakin Baba na shiga. An naɗe katifar an jingine, rediyonsa na kan taga, 'yar wayarsa mai tocila na kusa da ita a kashe. Na zauna a kan katakon gadon, a gefen da na saba zama in na zo ɗiban sabis. Na daɗe ina hana kaina, daga baya na sa hannu a aljihu na ciro wayar na duba. Sanda huɗu ne, cif.